Ranar da Makarar Malam Habu Ta Tsallaka Kwalta

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida abokan aikinka na tasha, da maigidanka da ya amince ya damƙa maka babbar mota. Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Mu nan gida lafiya lau, sai ciwon gwiwar nan nawa da ka sani. Innarka tana gaishe ka. Tun da ta ji ranar Asabar za ku ɗauki hanyar Kudu da lodin riɗi take ta soya maka ƙuli-ƙuli da dakan yaji, kamar an ce mata babu abinci a can. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya raba ka da sharrin ƙarfe da sharrin mutum.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina, alhali tsakanin ƙauyenmu da tashar Birnin Kudu ba wata tafiya ba ce, ga kuma waya a aljihun kowa. Na gwada wayar. Na kira ka, ka ce, "Baba, ina tuƙi," ka kashe. Na sake kira, ka ce, "Baba, ana lodi." Da ka leƙo gida kuma a tsaye ka gaishe ni, makullin mota yana juyawa a yatsanka, abin sauraren nan ya toshe maka kunne guda. Maganar da ke bakina ba ta tsaye ba ce. Shi ya sa na nemo biro na zauna a zaure, ina rubutawa ina hutawa, don idon ba kamar da ba.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba. Kafin ka bar ƙasar nan ranar Asabar, ina so ka je gidan marigayi Malam Habu, ka cire takalminka a ƙofar zaure, ka durƙusa ka yi wa iyalinsa ta'aziyya, ka kuma nemi gafararsu. Abin da nake roƙonka ke nan, shi kaɗai. Ga dalili.

Ranar da aka yi jana'izar Malam Habu ranar kasuwa ce. An yi masa salla a ƙofar gidansa da hantsi, muka ɗauki makara muka nufi maƙabarta. Ka san sai an tsallaka kwaltar da ta tafi Gwaram. Samari ne ke ta karɓa-karɓa, amma da muka kusa titi na ce su ba ni kusurwa ɗaya. Suka ce, "Baba, gwiwarka fa." Na ce gwiwar nan ta yi tafiya da mutumin nan tun ba a haife ku ba, ba yau za ta gaza masa ba. Suka ba ni kusurwar baya ta hagu.

Shigarmu tsakiyar kwalta ke da wuya sai na ji hon. Abba, ko cikin motoci dubu aka danna hon ɗin nan na san shi. Shi ne wanda ka sa aka ɗaura maka a Kano, mai kuka kamar zabuwa. Ba taɓawa ka yi ba, ɗora hannu ka yi a kai ka ƙi ɗagawa. Ba ka tsaya ba, rage gudu kawai ka yi, kana turo hancin bas ɗinka cikin mutane. Na gaba suka ɗaga ƙafa, dole mu na baya muka bi su da sassarfa. Na ji gawar ta zame ta bugi gefen makara daidai kunnena. Takalmina na hagu ya kuɓuce, ban iya tsayawa ɗauka ba. Da muka haye na waiga, na ga tayarka ta bi ta kan takalmin, ka taka totur ka bar mu da hayaƙi. Abin da na iya karantawa a bayan motar shi ne rubutun da ka sa aka yi maka da jan fenti: Albarkar Iyaye.

Na san ba ka gan ni ba. Makara ta kare ni, kuma idonka yana kan bas ɗin da ke gabanka, wanda kuke tseren fasinjan Gwaram da shi. Har yanzu ban gane ba ko wannan rage mini zafin abin ya yi ko ƙara shi. Na yarda da ka gan ni da ka tsaya. To amma sai mutum ya zama ubanka sannan za ka tsaya masa?

Ba hon ɗinka ne ya fi kashe mini jiki ba, shirun da ya biyo baya ne. Na zaci za a ɗauki salati, wani ya ɗaga murya ya ce wane marar tarbiyya ne wannan, in sunkuyar da kai in sha kunyata. Babu wanda ya ce uffan. Mutane suka gyara sahu suka ci gaba da tafiya. Wani saurayi yana gefe yana ɗaukar mu a waya. Mai shayin bakin titi ko miƙewa bai yi ba, rediyonsa yana ta waƙa. Bayan mun rufe kabari na matsa kusa da Liman na ce, "Allah gafarta Malam, ka ga abin da aka yi mana?" Ya ce, "Malam Isyaku, ai yanzu haka ake. Mu dai mu gode Allah da bai take kowa ba." Liman ke nan fa. Mutum ɗaya ne ya dube ni, Kabiru, babban ɗan marigayin. Ya dubi ƙafata, ya dubi fuskata, ya kawar da kai. Ya san motar waye, kamar yadda kowa a wurin ya sani.

Kai ka taso ka tarar da Malam Habu tsoho mai tsohon keke, wanda kuke yi wa dariya kuna yara. Bari in gaya maka wanda ka yi wa hon. Ni da shi muka yi fataucin hatsi a kan keke muna samari, daga Kangire zuwa Fagam, wani lokaci har Basirka, buhu ɗaure a bayan sirdi. A zamanin nan ba a wuce dattawa a kan keke. In ka hango majalisa a gindin bishiya, tun daga nesa za ka sauka, ka turo kekenka, ka gaishe su, sai ka ba su baya sosai sannan ka hau. In gawa ce kuwa, jingine keken ake yi, a bi ta ko da taku kaɗan, a sa mata kafaɗa, ko ba ka san mamacin ba. Kowa haka yake yi, amma Habu ya zarce kowa. Yakan sauka wa tsohuwa mai ɗauke da itace. Yakan sauka wa mutum ɗaya tilo da ya rungumo jariri a naɗe cikin tabarma zai kai maƙabarta. Har suna muka sa masa, Habu Sauke. Nakan ce masa, "Habu, kai da keken nan waye yake ɗaukar wani?" Sai ya yi dariya ya ce, "Isyaku, kwantar da hankalinka, kasuwar ba ta tashi ba." Sau da yawa kuwa mukan tarar ta kusa tashi, ni ina ta ƙunƙuni, shi ko a jikinsa.

Sau ɗaya na san ya wuce mutane bai sauka ba, kuma saboda kai ne. Kana ɗan yaye ƙyanda ta kama ka, numfashinka ya koma sama-sama. Ni ina Basirka, ba waya a lokacin. Innarka ta fito ƙofar gida tana kuka, Habu ya karɓe ka, ya sa ta ɗaure masa kai a baya da zanenta, ya hau keke ya nufi asibitin Birnin Kudu. Ya wuce majalisar masallaci, ya wuce ta mahauta, ya wuce ƙofar mai unguwa, ya wuce duk ƙauyukan da ke hanya, ƙararrawa kawai yake bugawa. Allah Ya sa kana da sauran shan ruwa. To ka san abin da ya yi washegari? Ya bar keken a gida, ya taka da ƙafa, ya bi duk majalisar da ya wuce ɗaya bayan ɗaya, yana durƙusawa yana cewa, "Ku gafarce ni, jiya na wuce ku a kan keke, yaron Isyaku ne ba lafiya." Su ce, "Haba Habu, ai mun gani, lalura ce." Ya ce, "Na sani, amma dai na wuce ku." Yini guda ya yi yana wannan zagaye, sai la'asar ya dawo gida.

Ka gane ni, ban ce kada ka yi sauri ba. Sana'arka ta sauri ce, kuma wata rana ran mutum ne za ka ɗauko. Amma in sauri ya sa ka wuce ta kan haƙƙin wani, ba shi ke nan ya wuce ba. Komawa ake yi. Mutumin da ya koya mana haka shi ne a kan makarar, kuma kai ne dalilin zagayen da ya yi ranar.

Ba zan ɗora maka kayan duka ba, don ni na fara ɗora yatsanka a kan hon. Shekarar da riɗi ya yi albarka na sayi babur, na farko a unguwarmu. Da farko nakan tsaya a majalisa in kashe shi in gaisa. Sai na ga tayar da shi wahala, sai an yi ta harbinsa ana gumi a gaban mutane. Na koma tsayawa ba tare da na kashe ba, ina gaisuwa ina ɗaga murya saboda ƙararsa. Daga nan na koma ɗaga hannu. Daga nan sai in ɗan taɓa hon in wuce. Dattawan ba su ce komai ba, wasu ma daɗi suke ji mai babur ya san da zamansu. Kai kuwa kana zaune a kan tanki a gabana da 'yar hularka, in mun zo majalisa sai in ce, "Abba, gaida su Baba." Ka miƙa ɗan yatsa ka danna, a yi ta dariya ana cewa yaron nan direba zai zama. Habu ne kaɗai ya tare ni wata rana ya ce, "Isyaku, yanzu ƙarfe kake sawa ya gaida iyayenmu?" Na ce masa zamani ne, shi ya zauna da kekensa. Na ga fuskarsa ta canja, bai sake tayar mini da maganar ba har ya koma ga Allah.

Saboda haka ka ji daga bakin wanda ya ɓata abin. Hon ba gaisuwa ba ne. An yi shi ne don akuya da mai barci a kan sitiyari. Ka gaida mutum da bakinka, ka ambaci sunansa in ka sani, ka jira ya amsa. In ka shiga garin da ba naka ba ka tsaya shan mai ko cin abinci, ka yi sallama kafin ka ce a ba ka. Babbar mota tana ɗaga mutum sama, kowa ka gan shi a ƙasa, har ka fara zaton haka Allah Ya tsara ku. In za ka yi magana da wanda ya girme ka, ka sauko ka taka ƙasar da yake takawa, kada ka yi masa ta taga.

Akwai wani abin kuma da muka yi maka muna ganin wasa ne. Lokacin da ka fara magana, in an taru a zauren nan da nake zaune yanzu, samarin gida sukan ce, "Abba, yi wa wane daƙuwa." Ka ware 'yan yatsunka biyar ka miƙa, zaure ya kaure da dariya. Ni ma ina ciki, har nakan ce yaron nan ba zai yarda a taka shi ba. Duk wanda ya shigo sai an sa ka yi masa. In Malam Habu ne, ba ya dariya, ba ya kuma faɗa. Sai ya tsuguna ya kama ɗan hannun, ya naɗe yatsun cikin tafinsa, ya girgiza ya ce, "Sannu Abba, ina kwana? Ka tashi lafiya?" Mu ce Habu ba ya son wasa. Bara a tashar Birnin Kudu na hango hannun nan ya fito ta tagar bas, a ware, ana miƙa wa wani ɗan acaɓa mai furfura a gemu. Hannun ya girma, har da agogo, amma na gane shi. Na juya na shige bayan rumfar mai lemo don kada wani ya ce ga ubansa nan. In Allah Ya ba ka 'ya'ya, kada ka yi dariya a kan abin da za ka ji kunyarsa in sun yi gemu.

Na zargi Liman da yin shiru, amma ni ma na san irin shirun nan daga ciki. Da daminar da ta wuce na shiga mota za ni asibiti saboda gwiwa. Wata tsohuwa ta shigo da ƙullin kuɓewa, sa'ar innata ce in da tana raye. Ta kasa matsawa da sauri, sai yaron motar ya ce, "Ke tsohuwa, in ba za ki gyara ba ki sauka, ba motar ubanki ba ce." Motar cike take da maza masu gemu, har da masu carbi a hannu. Ni na juya ina kallon gonakin gero ta taga kamar yau na fara ganin gero. Tsoro na ji, kada in yi magana ya juyo kaina ya zage ni a gaban jama'a da furfurata. Tsohuwar ta gyara ƙullinta a cinya. Da za ta sauka ta ce, "Na gode, Allah Ya kiyaye hanya," ba wanda ya amsa mata. Kai yanzu za a ba ka yaron mota. Bakinsa bakinka ne. Duk wanda ya zaga a gabanka ka yi shiru, kai ka zage shi, kuma wannan karatun a kaina na koye shi.

Abba, ba zan ɓoye maka ba, na yanke ƙauna. Da ina cewa yaran tasha ne kawai, yanzu na ga ba inda abin bai kai ba. Ka shiga kanti ka yi sallama, mai kanti yana kallon waya ya ce, "Me za a ba ka?" Ka je asibiti a kira ka da "kai tsoho" alhali ga sunanka a kati. A wurin zaman makoki mutum yana karɓar addu'a da hannu ɗaya, ɗayan yana latsa waya. An idar da salla, kafin ka miƙe an tsallake ka an taka maka riga, ba mai cewa yi haƙuri. Kwanan baya wani ɗan acaɓa ya goge ni da madubi a bakin kasuwa, kafin in buɗe baki shi ya riga ni, ya ce, "Baba, ba ka gani ne?" Har na ji kaina ina ba shi haƙuri. Ba yunwa ce ta kawo wannan ba, kada wani ya ruɗe ka. Mun ga yunwar da ta fi wannan, shekarun da aka ci dusa, kuma ko a layin rabon hatsi ana cewa dattijo ya wuce gaba. Yanzu wanda ya ce "don Allah" shi ake gani rago, wanda ya ce "na gode" a ce baƙauye ne. Mu da muka san yadda abin yake da, kullum raguwa muke, kuma mu ɗin ma, ka ji dai yadda muka riƙe shi. Ba na sa ran zai dawo a garin nan. Na daina yi wa gari wa'azi. Mutum ɗaya nake nema in tsira da shi, shi ne kai.

Na san abin da za ka ce, don na ji direbobi suna faɗa. Za ka ce fasinja ne ke ingiza ku. Gaskiya ne, ni ma na sha ji daga kujerar baya ana cewa, "Direba, taka mana, ka wuce su, mu ba gawa muka zo rakawa ba." Za ka ce in ka tsaya na bayanka zai kwashe fasinjan Gwaram, maigida kuma ba ya jin uzuri. Wannan ma gaskiya ne. Amma ka lissafa da kanka, tsallakar makara ɗaya nawa take ci a cikin yini? Ba ta kai lokacin da kake ɓatawa kana gyara madubi kana duban askinka ba. Fasinjan da ya ce ka taka, gobe in uwarsa ce a kan makarar, shi zai fara tsine maka. Sitiyari a hannunka yake, birki a ƙafarka yake, kuma ba fasinja za a tambaya ba.

Na koma gidan marigayin ranar addu'ar uku. Bayan an watse na shiga ciki na gaida Inna Laraba, matarsa. Tana zaune a kan tabarma a bakin ɗaki, ta rame. Muka gaisa, na yi mata ta'aziyya, sai ta ce, "Malam Isyaku, ina ɗana Abba? Ban ga ƙeyarsa ba." Na ce aiki ne ya riƙe ka. Ta ce, "Allah sarki, ai na sani. Ka san Malam, tun da ciwon nan ya kwantar da shi ba ya fita, amma kullum in motar Abba ta wuce ta yi kukan nan nata, sai ya ɗaga hannu daga kan gado ya ce, ga ɗana can yana gaishe ni, Allah Ya kiyaye hanya. Ko ranar da zai cika sai da ya tambaya ko ta wuce." Kabiru yana tsaye a bakin ƙofa yana jin mu. Bai gaya mata abin da ka yi a titi ba, ka ga irin tarbiyyar gidan. Ni kuwa na ji da ƙasa za ta tsage da na shige. Na yi mata sallama da ƙyar, na fito ban san ta inda na bi na iso gida ba.

To ga yadda za ka yi, in har za ka yi. Kada ka je da mota ƙofar gidan. Ka ajiye ta a bakin titi ka ƙarasa da ƙafa. Ka cire abin kunnen nan ka sa a aljihu, ka kashe wayar gaba ɗaya. Ka fara da Kabiru a zaure, ka ce masa kai ne, ka san abin da ka yi, ya gafarce ka. Kada ka ce ba ka san gawar waye ba, wannan ba uzuri ba ne, ƙarin laifi ne. In ya yi maka shiru ka jure, in ya faɗa maka magana ka haɗiye. Sannan ka nemi iso wurin Inna Laraba. Ita ba sai ka tayar mata da hankali da labarin titi ba, in Kabiru ya ga a bar shi a bar shi. Ka durƙusa ka gaishe ta da bakinka, ka zauna har sai ita ta ce ka tashi. Daga nan ka tsallaka kwaltar da ƙafa, ka tsaya ka ga yadda motoci ke yi wa mai tafiya a ƙasa, ka je ka yi masa addu'a. Kabarin yana gefen gabas, kusa da aduwa.

Ban sani ba ko za ka je. Gaskiya zuciyata ta fi ba ni cewa za ka karanta rabin takardar nan, a kira ka lodi, ka cusa ta a aljihun ƙofar mota. Ba zan yi maka baki ba, ban taɓa yi ba, ba kuma zan fara da tsufana ba. In Asabar ta zo ba ka je ba, ni zan je in durƙusa wa Kabiru a madadinka, duk da na haife shi. Amma durƙusona ba zai gyara abin da nake tsoro ba.

Ga abin da nake tsoro. Ka san mu ba a ajiye mu. In mutum ya cika da asuba, kafin azahar an rufe shi. Sa'o'ina sun ƙare, Habu ne na ƙarshe, kuma gwiwa ba ita kaɗai ke ciwo ba, innarka ce ba na so ta sani. Wata rana kana kan hanya waya za ta yi ƙara, a ce maka, "Abba, taho gida, jikin Baba ya tsananta," don ba a faɗa wa direba gaskiya yana tuƙi. Za ka taho da gudun da ba ka taɓa yi ba. Ka wuce Birnin Kudu, ka ɗauki hanyar Gwaram, kana gab da kwanar gida sai ka hango mutane sun cika kwalta da makara a kafaɗa, sun tare maka hanya, kai kuwa kana sauri ka iske ubanka da rai. Hannunka zai tafi kan hon da kansa, don can muka koya masa zuwa. Ina roƙonka, Abba, ka janye shi. Ka taka birki, ka kashe motar, ka sauko ka sa kafaɗa, tun kafin ka tambayi ko waye. Ba ni da wata hanyar da zan tabbatar ka yi haka ranar sai in ka saba yi wa kowa tun daga yanzu.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya. Allah Ya tsare ka daga gyangyaɗi a kan sitiyari, da muguwar kwana, da mugun aboki. Ya sa ka gama da mutanen da ba ka sani ba lafiya, Ya ba ka masu tsaya maka a inda ba ka da kowa. Allah Ya jiƙan Malam Habu, Ya sa yadda ya sauka wa bayin Allah a sauka masa da rahama. Innarka ta ce ka biyo ka karɓi ƙuli-ƙulinka. In ka zo, ka shigo zaure ka zauna, ko ba za ka ce komai ba.

Wassalam.

Mahaifinka,
Isyaku